Yadda Za a Shirya wa Tashin Asmar Yaro Gwargwadon Nisan Gida da Asibiti

Yara biyu suna iya fama da asma iri ɗaya, ɗaya yana zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina, ɗayan kuma a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Baure kusa da iyakar Nijar, amma ranar da ciwon ya tashi da tsakar dare, abin da zai biyo baya a gidajen biyu ya sha bamban. Iyayen na birni za su tare kurkura ko su tayar da maƙwabci mai mota, kafin rabin awa yaron yana gaban ma'aikacin jinya an sa masa iskar oksijin. Iyayen na ƙauye kuwa sai sun nemi mai babur, sun nemi man da za a zuba, sun duba ko hanyar tana biyuwa a wannan lokacin, kuma mai yiwuwa cibiyar lafiyar da za su fara isa a rufe take, ko a buɗe amma babu oksijin. Shirin da ya wadatar da gidan farko ba zai wadatar da na biyu ba, shi ya sa kowane gida mai yaro mai asma yake buƙatar tsarin da ya dace da inda yake zaune.

Wannan bambanci na wuri da wuri sananne ne a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne suke da asma, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Babban binciken nan na ISAAC kan asmar yara da aka gudanar a ƙasashe 56 cikin shekarun 1990, wanda Ibadan ta wakilci Nijeriya a cikinsa, ya nuna cewa alamun asma sun fi yawa ga yaran Birtaniya da Ostireliya da Niyu Zilan, amma duk da haka ba can aka fi mutuwa da ita ba, domin can ana gano ciwon da wuri kuma magani yana kusa. A nan Afirka, nazarce-nazarcen da aka yi a Gana da Kenya da Habasha sun samu asma ga yaran birni fiye da na karkara. Wani bincike da aka wallafa a 2024 kan ɗaliban makarantu a Legas da Kumasi da Kamfala da wasu birane uku ya gano cewa kusan takwas cikin goma na waɗanda suke da alamun ciwon ba a taɓa tabbatar musu da shi a asibiti ba. Abin da ya kamata uba ko uwa a jihar Katsina su ɗauka daga wannan shi ne, yaron birni ya fi haɗuwa da abubuwan da ke tayar da ciwon, yaron ƙauye kuma ya fi shiga haɗari idan ya tashi.

Fara da tabbatar da ciwon

Asma kumburi ne da ya zauna a hanyoyin iska na cikin huhu. Idan wani abu ya tsokane su, sai su tsuke, kumburin ya ƙaru, majina ta taru, iska ta riƙa fita da ƙyar tana yin ƙara kamar fito. Ba a ɗaukarta daga wani, ba tarin fuka ba ce, kuma yaron da aka kula da shi yana wasa da karatu kamar sauran yara. Alamomin da ke sa a yi zarginta su ne tarin da ke tashi da dare ko gab da asuba, da ƙarar ƙirji mai zuwa tana komawa, da sarƙewar numfashi bayan gudu ko kuka ko shaƙar ƙura, musamman idan a dangi akwai mai asma ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin fata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar maganar a hannun mai kemis, duk lokacin da tari ya tashi a karɓo ruwan magani da ƙwayoyi, yaro ya ɗan lafa, a manta sai wani karon. A kai shi asibiti ranar da yake da sauƙi, lokacin da likita zai samu damar yin tambayoyi a natse. A birnin Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, akwai kuma manyan asibitocin gwamnati a Daura da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-ma. Ko da tafiyar za ta ci yini guda, ta cancanta, domin a kanta sauran shirin zai ginu. Tunda sau da yawa yaro yana isa gaban likita ƙirjinsa shiru, yana da amfani ƙwarai a ɗauki bidiyon numfashinsa da waya lokacin da ciwon yake kansa, riga a ɗage, a nuna wa likitan.

Binciken likita yana da muhimmanci domin ba kowace ƙarar ƙirji ce asma ba. Zazzaɓi mai zafi da saurin numfashi na iya zama limoniya. Yaro mai sikila da ya kama ciwon ƙirji yana buƙatar asibiti nan take. Yaron da yake lafiya ƙalau, yana cin gyaɗa ko yana wasa da ɗan ƙaramin abu, ya ƙware nan take numfashinsa ya canza, mai yiwuwa abu ne ya faɗa masa hanyar iska.

Auna nisanku da minti, kuma da dare

Wannan shi ne aikin da iyaye suka fi tsallakewa, alhali shi ne ginshiƙin komai. Tambayar da za ku amsa ita ce: daga ƙofar gidanku zuwa wurin da ake da oksijin da ma'aikacin da ke kwana a bakin aiki, minti nawa ne da ƙarfe biyun dare, a tsakiyar damina? A lissafa har da lokacin tayar da direba da na neman mai. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma manufar gwamnati ita ce a samu aƙalla cibiyar lafiya matakin farko guda mai aiki a kowace mazaɓa, amma cibiyoyin ba su zama ɗaya ba wajen kayan aiki. Saboda haka maigida ya taka da ƙafarsa da rana tsaka, ya gaishe da shugaban cibiyar, ya tambaye shi kai tsaye: "Ranka ya daɗe, idan na kawo yaro mai asma da dare, akwai wanda zan tarar? Kuna da oksijin? Injin nebulaiza, mai mayar da magani tururi yaro ya shaƙa, yana aiki idan babu wuta?" Idan amsar ba ta gamsar ba, a tambayi inda su kansu suke tura irin wannan yaro, a riƙe wancan wurin a matsayin asibitin gaggawa, ita kuma cibiyar ta kusa ta zama wurin taimakon farko a kan hanya.

Bayan an san lokacin, sai a san matsayin gidan. Wanda yake ƙasa da rabin awa daga oksijin yana da sararin gwada maganin gida ya ga yadda yaron zai amsa. Wanda yake kusan awa guda ya kamata ya fara shirin tafiya a daidai lokacin da ya ba da maganin farko. Wanda tafiyarsa ta haura haka, ko yake yankin da matsalar tsaro ta hana bin hanya da dare, kamar wasu sassan Jibiya da Batsari da Safana da Faskari, ƙa'idarsa daban ce: idan yaro ya yini yana neman inhela a kai a kai, a fita da shi tun da sauran rana, a kwana gidan ɗan'uwa kusa da asibiti, domin asma ta fi tsananta tsakanin tsakar dare da asuba. A ganina wannan shawara ɗaya ta fi duk sauran amfani ga mutanen karkara, ko da wani lokaci za a je a tarar abin bai kai yadda aka ji tsoro ba.

Akwai abubuwa uku da ake warwarewa a cikin gida tun kafin buƙatarsu ta taso. Na farko izini. Mata da yawa suna zaune da yaro yana haki suna jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko ya ɗaga waya, saboda haka ya dace ya faɗa a fili, a gaban mahaifiyarsa da sauran manyan gida, cewa duk ranar da numfashin yaron nan ya sarƙe, uwarsa ta fita da shi ba sai ta jira shi ba. Na biyu abin hawa: a yi magana da direba ko ɗan kabu-kabu biyu, a rubuta lambobinsu a takarda a manna a bango, domin waya tana mutuwa. Na uku kuɗi, a ware wani abu da ba a taɓawa, wanda zai isa mai da kati da maganin farko. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, amma magani da sufuri suna nan a wuyan iyaye, don haka yana da kyau a bincika rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, a ji abin da take ɗauka.

Magani iri biyu da gorar shaƙa

Inhela iri biyu ce, kuma rikita su yana jawo wahala mai yawa. Ta farko ita ce ta buɗe ƙirji, wato salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, galibi shuɗiya. Tana aiki cikin 'yan mintuna, ƙarfinta ya ɗauki kamar awa huɗu, amma ba ta taɓa kumburin da ke haddasa ciwon. Ta biyu ita ce ta rigakafi, irin su beclometasone da budesonide, wadda ake shaƙa kullum ko yaro yana lafiya, tana kwantar da kumburin a hankali cikin makonni. Ita ce take rage zuwa asibiti da dare, kuma gidan da ya fi nisa da asibiti shi ya fi kowa buƙatarta. Idan yaro yana neman shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ko tari yana tashinsa daga barci, ko yana ƙarar da gwangwani uku a shekara, a koma wurin likita a yi maganar ta rigakafi. Bayan shaƙarta a kurkure baki a zubar.

Ana yawan cewa wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita, ko kuwa sai ciwo ya kai ƙarshe ake ba da ita. Wannan magana ba ta da tushe. Maganin da aka shaƙa yana zuwa huhu kai tsaye da ɗan ƙaramin adadi, na sha kuwa sai ya zagaya jiki, ya fi jinkiri kuma ya fi kawo rawar jiki da bugun zuciya. Abin tsoro na gaskiya shi ne ƙwayoyin prednisolone da dexamethasone da ake saya ba tare da takardar likita ba ana ɗura wa yaro wata da watanni, har fuskarsa ta kumbura, girmansa ya tsaya. Suna da amfani idan likita ya rubuta su na 'yan kwanaki lokacin tashin ciwo, kuma gidan da ke da nisa sosai zai iya tambayar likita ko ya dace a ajiye adadin da ya dace da nauyin yaron, da rubutaccen bayanin lokacin fara shi.

Yaro ba ya iya haɗa matsa inhela da jan numfashi a lokaci guda, sai maganin ya tsaya a harshe da maƙogwaro. Maganin wannan shi ne gorar shaƙa, wadda ake sa wa tsakanin inhela da baki. Ana sayar da ita a manyan shagunan magani, kuma yaron da bai kai shekara huɗu ba yana buƙatar mai marfin da ke rufe hanci da baki. Ga wanda ya fi haka, ana iya yin ta a gida, kuma likitocin yara a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun gwada gorar roba ta rabin lita tun a 1999 suka samu tana aiki kamar ta kanti. A samu gorar lemo ko ta ruwa mai tsabta, a cire murfin inhela a ɗora bakinta a gindin gorar a zana siffarsa da biro, a ɗumama wuƙa ko waya a yanke daidai zanen, ƙofar ta ɗan matse yadda inhelar za ta shiga da ƙyar, a liƙe gefen da salatif idan akwai kafa. A wanke gorar da ruwan sabulun wanke-wanke, a kife ta ta bushe da kanta ba tare da an goge cikinta da tsumma ba, domin gogewar tana sa magani ya manne a jikin roba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a yi ta yau, a koya wa yaron da ita yana cikin walwala: a girgiza inhela, ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a matsa sau ɗaya, ya ja numfashi ya saki a ciki sau biyar ko shida, a sake girgizawa kafin matsawa ta gaba.

Gwangwanin salbutamol yana ɗauke da fesa 200, kuma yana ci gaba da fitar da iska bayan maganin ya ƙare, don haka a riƙa yin alama a kwalin duk lokacin da aka yi amfani da shi. Zafin Maris zuwa Mayu a nan yana haura digiri 40, kada a bar shi a mota ko a taga. Tun da kamfanin GSK mai yin Ventolin ya sanar da sauya tsarin kasuwancinsa a Nijeriya a 2023 farashin Ventolin ya yi tsada, amma salbutamol na wasu kamfanoni mai lambar NAFDAC aikinsu ɗaya. Mutumin ƙauye ya riƙa ajiye biyu, ya sayi sabo da zarar ya buɗe na ajiya.

Abin da ke tayar da ciwon a birni da ƙauye

Hunturu bai bar kowa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta haɗu da sanyin asuba da mura, kuma a wannan lokacin ne ya kamata a fi tsare maganin rigakafi. A rufe wa yaro hanci da takunkumi ko ƙyalle ranar hazo, a yayyafa ruwa kafin shara, kada a ba shi aikin share aji ko goge allo, kuma kada a shigar da kaskon garwashi ɗakin da yake kwana.

A cikin gari abokan gaba su ne hayaƙin janareto da aka ajiye kusa da taga, da na babura da kurkura, da ƙona bola, da kafet mai riƙe ƙura, da kyankyasai, da sigari da shisha. Ba ƙaramin abu ba ne: a Landan, wata yarinya 'yar shekara 9 da ke zaune kusa da babban titi ta rasu da asma a 2013, kuma a 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska tana cikin abin da ya kashe ta. A karkara kuwa hayaƙin itace ne kan gaba, musamman ga yaron da ake goyo ana girki a rufaffen madafi, sai ƙaiƙayin gero da dawa lokacin sussuka da shiƙa, da ƙurar injin niƙa da ta rumbu, da kwana kusa da kaji ko tattabaru. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya suna ko'ina. Na san turaren wuta ba abin da uwargida za ta rabu da shi cikin sauƙi ba ne, amma za a iya yin sa lokacin da yaron yake makaranta a buɗe tagogi, sauro kuma a yaƙe shi da gidan sauro. Kowane yaro da nasa abin, saboda haka a samu ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi da abin da ya gabace shi.

Idan ciwon ya tashi

A zaunar da yaron a miƙe, a sassauta masa riga, a fitar da shi daga hayaƙi ko ƙura, mutum ɗaya ya riƙa yi masa magana a hankali, domin tsoro yana ƙara tsuke numfashi. A ba shi shuɗiyar inhela ta gora, fesa ɗaya bayan ɗaya. Adadin da likitansa ya rubuta shi ne abin bi, amma ƙa'idar da aka fi amfani da ita ita ce fesa 2 ga wanda bai kai shekara 6 ba, ana iya kaiwa 6 idan abin ya yi tsanani, da fesa 4 zuwa 10 ga wanda ya kai 6, ana maimaitawa bayan kowane minti 20 har sau uku a awar farko. Ɗan rawar hannu da saurin bugun zuciya da ke biyo baya suna wucewa.

Sai a ɗage rigarsa a duba ƙirjin da fitila, a ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya da agogon waya. Numfashi 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa shekara 1, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko fiye da 30 ga wanda ya haura 5, ya yi sauri. Idan ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk jan numfashi, ko ramin wuyansa yana zurmawa, ko ya kasa ƙarasa magana, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko leɓɓansa da harshensa sun sauya launi sun yi duhu, ko ya yi laushi yana lumshe ido, to a tafi asibiti nan take, ko ina gidan yake kuma ko ƙarfe nawa ne. Akwai alama ɗaya mai yaudara da ya kamata kowace uwa ta sani: idan ƙarar ƙirjin ta ɗauke alhali yaron yana ƙara galabaita, iska ce ta daina shiga sosai, kuma wannan ya fi ƙarar haɗari.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, a nan ne lissafin nisa yake aiki. Na cikin gari yana iya kammala zagaye uku na awar farko, idan yaron bai warware ba ko ciwon ya dawo kafin awa uku zuwa huɗu, ya tafi. Wanda yake awa guda daga asibiti ya kira direba tun a zagayen farko, idan bayan minti 20 babu sauƙi bayyananne, ya kama hanya ya yi zagaye na biyu a cikin mota. Na nesa sosai kada ya jira sakamakon komai idan ya ga wannan tashin ya fi na kullum. A hanya yaron ya kasance a zaune, inhela da gora a hannun wanda yake riƙe da shi, a ci gaba da ba shi bayan kowane minti 20. Idan a babur ne, a sa shi tsakanin manya biyu, a yafa masa mayafi mara kauri saboda ƙura, a tsaya gefen hanya a ba shi maganin idan lokaci ya yi.

Kada a yi masa hayaƙi, kada a ɗura masa man shanu ko manja ko jiƙo yana haki, domin zai iya ƙwarewa abin ya gangara huhu. Kada a ba shi maganin tari mai sa barci. Cire beli ba ya maganin asma. Addu'a da tofi ba su hana tafiya, ana yin su a cikin mota.

A asibiti kada a tsaya layin kati. A nufi sashen gaggawa na yara a faɗa a taƙaice: "Sista, yaron nan mai asma ne, tun la'asar ya fara, na ba shi fesa shida sau biyu, na ƙarshe minti ashirin da suka wuce, bai sauka ba." Wannan bayani yana rage ɓata lokaci fiye da dogon labari. Za su sa masa ɗan abin auna oksijin a yatsa, kuma adadin da ya gaza 92 cikin 100 yana nuna tashin mai tsanani ne. Idan aka ba shi salbutamol ta gora maimakon nebulaiza, kada a ɗauka an rage masa wani abu, domin a yawancin lokuta aikinsu ɗaya.

Kafin a sallame ku, ku gaya wa likita gaskiyar nisan gidanku da halin hanyarku, domin yaron da za a iya sallama zuwa Ƙofar Marusa da yamma, wanda zai koma ƙauye mai tafiyar awa biyu gara ya kwana. Ku nemi a rubuta muku tsarin magani a takarda da Hausa, ko da boko ko da ajami, yadda duk wanda yake gida zai iya karantawa, a yi kwafi ɗaya a kai wa malamin ajinsa ko malamin allo tare da inhela da gora idan yaron yana yini a can. Ku nuna wa ma'aikacin jinya yadda kuke ba da maganin ya gyara muku. A dawo da yaron a duba shi cikin kwana biyu ko uku, kada ya wuce mako, ko da ya warware sarai, domin wanda ciwon ya kai shi asibiti sau ɗaya yana cikin haɗarin sake tashi a makonnin da ke biye. Sannan a sa wata ranar ganin likita a watan Oktoba, kafin hazo ya sauka, a tafi da littafin da ake rubutu da duk gwangwanayen da suka ƙare, a sake duba adadin maganin rigakafin da zai shiga hunturu da shi.